Filasta a damtse, cingam a kunci: yadda ake barin taba da maganin nikotin

Ni tela ne, shagona yana Fagge a cikin Kano, kuma shekara 23 na yi ina shan taba sigari. Ranar da aiki ya yi sauƙi nakan sha kara 15. In ɗinkin Sallah ya taso muna kwana a kan keke, kwali guda ba ya kai ni asuba. Yau shekara uku ke nan rabona da ita, alhamdu lillahi. Na sha ɗaura niyyar bari kafin nan, musamman da azumi, tunda mutum ya iya wuni bai sha ba. Amma ana kiran magariba, in ci dabino in kurɓi ruwa, kafin a tayar da salla hannuna ya riga ya shiga aljihu. Abin da ya raba ni da ita a ƙarshe, bayan addu'a, shi ne filasta da cingam na nikotin. Tun daga nan abokan sana'a da masu kawo ɗinki suke tambayata yadda ake amfani da su. Kusan duk wanda ya ce mini ya gwada bai ga amfani ba, in na bi diddigi sai in tarar ɗayan uku ne: ko ya yi amfani da ɗan kaɗan saboda tsoro, ko ya daina tun lokaci bai yi ba, ko kuma ba wanda ya nuna masa yadda ake yi. Ni ma ta nan na fara faɗuwa.

Karon farko cingam na saya a wani kantin magani. Yaron da ke kan kanta ya faɗi kuɗi, ya miƙo, shi ke nan. Washegari da safe na zauna a teburin mai shayi, na jefa ɗaya a baki na hau tauna kamar cingam ɗin yara, ina kurɓar shayi a kai. Ba a yi minti biyar ba shaƙuwa ta kama ni, maƙogwaro ya ɗauki raɗaɗi, zuciya ta fara tashi. Na tofar, na kunna taba, na jefa sauran kwalin a durowar keke. Ya kusa wata huɗu a wurin.

Wanda ya gyara mini lamarin wani mai kawo mini ɗinki ne, masanin harhaɗa magunguna da ke aiki a wani asibiti. Ya kawo shadda in yi masa babbar riga, na jawo durowa zan ɗauko tef, idonsa ya faɗa kan kwalin.

"Maigida, wa ke amfani da wannan?"

"Ni ne, yallaɓai, amma bai karɓe ni ba."

"Kwatanta mini yadda ka tauna shi."

Da na kwatanta sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce awon riga ya jira. Mafi yawan abin da zan faɗa a nan daga bakinsa na fara ji, sauran kuma daga takardar da ke cikin kwali da abin da jikina ya koya mini.

Tambayar farko da na yi masa ita ce wadda kowa ke yi mini yanzu: ashe ba guba za a musanya da guba ba? Ya ce nikotin shi ne igiyar da ta ɗaure ka, amma wuƙar hayaƙin ne. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Akwai kwalta mai liƙewa a huhu, akwai kabon monoksaid, iskar nan da ke fita daga salansar janareto, wadda muke jin ta hallaka iyali guda in an kwana da inji a cikin gida. Filasta da cingam ba su da waɗannan. Nikotin ne aka auna, yana shiga jiki a hankali. Na taba kuwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa ya isa ƙwaƙwalwa, kuma wannan saurin ne ya sa ta fi kama mutum. Bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini, shi ya sa mashayi ke farkawa da asuba jikinsa na nema. Aikin maganin shi ne ya lallaɓa jiki kada ya yi bore, kai kuma ka samu sararin yaƙi da abin da hannu da baki suka saba yi shekara da shekaru.

Daga baya na nemi tarihinsa, don ina son sanin abin da nake sa wa jikina. A Suwidin aka ƙirƙiro cingam ɗin. A 1967 wani likita mai bincike, Claes Lundgren, ya rubuta wa Ove Fernö, wanda ke aiki a wani kamfanin magani a garin Helsingborg, yana ba shi labarin sojojin jirgin ƙarƙashin teku da ba a yarda su kunna taba ba, sai su koma sa garin taba a baki. Daga nan aka samo dabarar Nicorette, wanda aka fara yi wa rajista a Suwizalan a 1978. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa filasta da cingam cikin jerin muhimman magunguna a 2009. Masu tattara binciken likitanci na Cochrane sun haɗa gwaje-gwaje fiye da 100, suka ga maganin yana ƙara yiwuwar bari da kashi 50 zuwa 60 cikin 100. A fahimci lissafin da kyau: in mutum 10 cikin 100 ne za su iya bari da kansu, da magani sai su zama 15 ko 16. Ba tsafi ba ne. Amma haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai, kuma wanda ya samu mai bibiyarsa yana ba shi shawara ya fi wanda ke fama shi kaɗai.

Kafin ka sayi komai, yi kwana uku kana ƙirga karan da kake sha, ƙirga na gaskiya, har da wanda aboki ya miƙo maka da guntun da ka kashe ka sake kunnawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sannan ka lura minti nawa ne tsakanin farkawarka da karan farko. Ni nawa bai kai minti 30 ba: in tashi, in yi alwala, in yi salla, ina fitowa daga masallaci in kunna. Waɗannan lambobi biyu su ne awon da za a yanka maka magani da shi, kuma wanda ya rage awo don kunya rigar ba za ta shige shi ba.

Akwai waɗanda bai kamata su fara ba sai sun ga likita: wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, mai ciwon ƙirji na zuciya, wanda zuciyarsa ke bugawa ba daidai ba, mai hawan jinin da bai kwanta ba, mai gyambon ciki, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda bai kai shekara 18 ba. Haka mace mai ciki ko mai shayarwa. Na san akwai mata da ke sha a ɓoye, su ma ina roƙonsu su gaya wa likita ko ungozoma gaskiya. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba: hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. In ka daina, maganin da ka saba sha zai iya yi maka yawa a jini. Masu shan theophylline na asma, ko clozapine da olanzapine na asibitin ƙwaƙwalwa, ko warfarin mai tsinka jini, da masu allurar insulin, su sanar da likitansu tun kafin ranar bari.

Ranar bari kuwa ka sa ta cikin mako biyu masu zuwa, kuma ka zaɓe ta da hankali. Ni na zaɓi mako guda bayan Babbar Sallah, lokacin da shago ya lafa, babu mai tsaye a kaina yana jiran kaya. Daren ranar na kwashe ashana da laita daga gida da shago, na ba maiɗakina kayana masu warin hayaƙi ta wanke, na gaya wa yaran shago abin da nake ciki. Magani kuma na riga na tanadi na mako shida a hannu. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin daga waje ake shigo da shi, a manyan kantunan magani kawai ake samu, yau akwai gobe a ce ya ƙare. Duba lambar NAFDAC, duba ranar ƙarewar aiki, kada ka karɓi kwalin da aka buɗe ko wanda ya sha rana a bayan gilashi. A gida ma ka ajiye a wuri mafi sanyi, ba a shago ƙarƙashin kwano ba, ba a aljihun mota ba. Yana da tsada, ba zan ɓoye ba. Ni lissafin kuɗin tabar wata uku na yi, na ajiye kusa da kuɗin maganin, sannan zuciyata ta yarda.

Filasta iri biyu ce. Akwai ta awa 24 mai ƙarfi uku, miligiram 21 da 14 da 7, irin su NiQuitin da Nicotinell. Akwai ta awa 16 ta Nicorette, mai 25 da 15 da 10, wadda ake mannawa da safe a cire lokacin kwanciya. A irin wadda na yi amfani da ita, mai shan sama da kara 10 a rana yana farawa da 21 na mako shida, ya sauko 14 na mako biyu, sannan 7 na mako biyu. Mai shan ƙasa da haka ya fara da 14. Kamfanoni suna ɗan bambanta a wannan, don haka takardar cikin kwalinka ita ce alƙali. Ni ta awa 24 na ɗauka saboda jarabar asuba.

Ga yadda nake mannawa. Na haɗa canjin filasta da wankan safe: in cire tsohuwa, in yi wanka, in goge jiki ya bushe sarai, sannan tun kafin in shafa mai in ɓare sabuwa in manna. Ta haka ko wankan wajibi ne ruwa ya taɓa ko'ina. In danna ta da tafin hannu ina ƙirga har 20, ina bin gefunan da yatsa, sannan in ɗauraye hannu kafin in taɓa ido. Wurin ya zama mara gashi, mara ƙurji ko rauni: damtse, saman ƙirji, kafaɗa ta baya, kwiɓi. Damtse ya fi mini daɗi, tunda ruwan alwala ba ya kaiwa can. Kowace rana a sauya wuri, kada a koma inda aka manna sai bayan mako guda, in ba haka ba fata za ta yi ja ta kama ƙaiƙayi. Ɗan ja da ɗan ƙaiƙayi na sa'ar farko ba komai ba ne. In wurin ya kumbura, ko jan ya wuce kwana huɗu, ko ƙuraje suka feso a jiki, a cire a nemi likita.

Yanayinmu yana ba ta wahala. Da hunturu kowa na shafe da basilin, kuma filasta ba ta kama fata mai maiƙo. Wani abokin sana'ata da ya fara a watan Janairu uku ya zubar kafin mu gane dalili. Da bazara kuma zufa ce ke ɗaga gefunan, sai ka bi su da filastar ciwo ta yau da kullum. In ta faɗi, manna sabuwa a wani wuri, gobe ka canza a lokacin da ka saba. Kada ka gasa wurin da ruwan zafi, domin zafi yana sa nikotin ya shiga da yawa lokaci guda. Kuma kada ka yanka ta. Ni da almakashi ke hannuna wuni guda, na yi tunanin raba ta biyu don ta daɗe, mutumin nan ya hana ni, ya ce in an yanka ba wanda ya san adadin da ke shiga jiki.

Ta awa 24 tana sa wasu mafarkai masu ƙarfi, kamar kana gani a farke. Na yi dare huɗu a haka, sai na koma cire ta in zan kwanta. Barci ya daidaita, amma jarabar asuba ta ƙaru, sai cingam ya tare wannan gurbin.

Tsohuwar filasta ba shara ce kamar kowace ba. Akwai sauran nikotin a jikinta da zai iya cutar da ƙaramin yaro ko dabba. Ninke ta gefen manne ya haɗu da juna, mayar da ita cikin takardarta, ka jefa inda hannun yaro ba ya kaiwa. A shagona yara mata kan zo tsintar ƙyallaye su yi wa 'yar tsana riga, don haka ban taɓa yar da ita a cikin tarkacen yadi ba. Cingam ɗin kuma kamar alawa yake a idon yaro. In yaro ya tauna ko ya haɗiye, a tafi asibiti nan take, kada a tsaya ba shi madara ko manja.

Yanzu cingam, inda akasarin mutane ke ɓata lamarin. Sunansa kawai cingam, amma ba a tauna shi kamar cingam. Sa ɗaya a baki, ka tauna sannu sannu kamar sau 15, har ka ji wani ɗan yaji kamar na masoro. Da ka ji shi, tsaya. Tura shi da harshe tsakanin kunci da dasashi ka ajiye, yadda tsofaffi ke ajiye goro. Ta fatar cikin baki nikotin ke shiga jini. Wanda ka haɗiye da miyau ciki yake tafiya, hanta ta lalata mafi yawansa, abin da zai bar maka shi ne shaƙuwa da ƙwannafi. In yajin ya lafa, sake taunawa kaɗan, ka mayar da shi ɗaya gefen. Haka za ka yi ta yi har wajen minti 30, lokacin da ɗanɗanon ya ƙare, sai ka naɗe a takarda ka yar.

Minti 15 kafin ka sa shi, da kuma lokacin da yake bakinka, kada ka ci ko ka sha komai. Abu mai tsami yana hana nikotin ratsa fatar baki: kofi, lemon kwalba, zoɓo, kunun tsamiya, lemon zaƙi. Wannan doka ta fi wuya bayan cin abinci, domin a lokacin ne taba ta fi kira. Dabarar da na yi ita ce ina gama cin abinci in kuskure baki, in ɗauki asuwaki in yi ta gogawa har minti 15 ɗin su cika, sannan in sa cingam.

Ƙarfinsa biyu ne, miligiram 2 da 4. Wanda zai yi amfani da cingam kaɗai, in yana kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa, mai 4 ne nasa. Wasu kamfanoni kuma da yawan kara suke aunawa, su ce mai shan sama da 20 ya ɗauki mai 4. Kuma ba jira ake sai jaraba ta taso ba. Ɗaya ake sawa duk bayan awa ɗaya ko biyu a mako shida na farko, kada ya gaza tara a rana. Daga mako na bakwai zuwa na tara duk bayan awa biyu zuwa huɗu. Daga na goma zuwa na sha biyu duk bayan awa huɗu zuwa takwas. Iyakar abin da za a iya sha a rana tana rubuce a kwali, wani 15 wani 24, kada a wuce. Mai sa biyu ko uku a wuni ya ce bai yi masa aiki ba, bai gwada ba tukuna.

Ni da ke da filasta a jiki, mai 2 na riƙa ɗorawa a kai, shida zuwa takwas a rana a farkon lamari. Tunda cingam yana ɗaukar mintuna kafin ya kama, na koyi riga jaraba isa wurin. Na san lokutana: bayan sallar asuba, bayan abincin rana, bayan la'asar in an kawo shayi shago, da lokacin da mai kaya ya ɓata mini rai. Ina sallame sallar asuba nake sa shi, kafin in gama lazimi ya fara aiki. Mai haƙoran roba ko mai ciwon muƙamuƙi ya nemi na tsotsa, mai kama da minti, shi ma 2 da 4 ne. Ba a tauna shi, ba a haɗiye shi, a bar shi ya narke cikin minti 20 zuwa 30. Akwai na fesawa a baki da a hanci, amma ban cika ganinsu a kantunanmu ba.

Kwana uku na farko su ne tudun. Ko da magani a jiki, rana ta uku na kasa zare allura sau biyu, hannuna na rawa, sannan na daka wa ƙaramin yaron shago tsawa don kawai ya ajiye alli inda ban saba gani ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Maigida." Har yanzu in na tuna raina yana sosuwa. Na kira shi da yamma na ba shi haƙuri, na kuma kira mutumin nan a waya. Ya tambaye ni cingam nawa na sa a ranar, na ce biyu. Ya ce to magani ne bai ishe ka ba, ƙara. A nan na koyi bambance abu biyu da ya kamata kowa ya sani. In kana jin fushi, rashin natsuwa, da kwaɗayin taba da ba ya sauka, nikotin ne ya yi maka kaɗan. In kuwa tashin zuciya ne, da jiri, da zufa mai sanyi, da yawan miyau, da ciwon kai, zuciya na dukan uku-uku, to ya yi yawa: tofar da cingam, cire filasta, ka wanke wurin da ruwa, in bai lafa ba ka tafi asibiti. Na farkon ya fi faruwa nesa ba kusa ba. Ita kanta jarabar in ta taso mintuna kaɗan take yi ta sauka, kuma bayan mako biyu zuwa huɗu zuwanta yana raguwa sosai.

Rage shayi mai kauri da kofi da goro, kamar rabin abin da ka saba. Dalilin shi ne hantar nan da na ambata: da hayaƙi ya tafi, sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana daɗewa a jini. Na yi mako guda ina zargin filasta da hana ni barci da sa ni fargaba, ashe kofuna huɗu na shayi da goron da na ƙara don in cika bakina ne.

Magani ba ya canza maka hanya, kai za ka canza. Tsakanin masallaci da gidana akwai mai tebur da na yi shekara da shekaru ina sayen kara a wurinsa. Dokar hana yaɗuwar taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta ce sai dai kwali mai 20, amma kowa ya san a kowane lungu da canjin aljihu za ka samu ɗaya. A ganina wannan shi ne babban abin da ke karya masu son bari a garuruwanmu, domin sayen kwali sai ka yanke shawara, kara ɗaya kuwa kafin ka yi tunani ya riga ya shiga hannu. Na je na same shi na ce, "Malam, don Allah ko na roƙe ka kada ka ba ni." Ya yi mini alkawari, ya kuma cika. Duk da haka wata biyu ina zagayawa ta wani layi. Majalisar da muke zama bayan isha'i, inda rabin mutanen ke busawa, na ɗauke ƙafa har tsawon wata guda. Hannu kuma na ba shi carbi.

A mako na biyar na zame. Wani ya zo ya ci mini mutunci a gaban yarana a kan kayan da shi ne ya canza ranar karɓa. Da dare na tsaya a wani tebur da ba a san ni ba, na sha kara biyu a jere, filasta na damtsena. Tsoro ya kama ni, domin na sha jin cewa haɗa su yana tsayar da zuciya. Na kira mutumin nan wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ya ce kada in cire, kada in ce komai ya rushe, gobe in manna sabuwa kamar kullum. Ya gaya mini cewa tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda a sassauta wancan gargaɗin daga jikin kwalaye, domin yana sa mutane yar da magani su koma taba gaba ɗaya. Washegari na manna, na sa cingam bayan asuba, na buɗe shago. Waɗannan biyun su ne na ƙarshe.

Masu son farawa da azumi, ga abin da na sani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa abin da fata ke tsotsewa, kamar man shafawa da filastar magani, cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Cingam da na tsotsa kuwa sai bayan buɗa-baki zuwa sahur. Ka tuntuɓi malaminka don zuciyarka ta natsu. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa azumi lokaci ne mai kyau, a manna bayan sahur, a tanadi cingam don bayan magariba. Ga tela kuwa ban ba da shawara ba, goman ƙarshe ba barci muke yi ba.

Saukowa daga magani ba tsere ba ne. Mako na uku ko na huɗu mutum yakan ji ya warke, ya ce me zai sa ya ci gaba da kashe kuɗi, ya cire, bayan kwana goma ka gan shi a gaban mai tebur. Cika makonnin. Ni da na sauko daga 21 zuwa 14 na ji jiki, sai na yi mako huɗu a kan 14 maimakon biyu, da shawarar mutumin nan, wanda ya ce daɗewa a kan magani ya fi komawa hayaƙi sau dubu. Wanda ya bi duk wannan yadda ya kamata bai dace ba, ya ga likita a kan ƙwayoyin varenicline ko bupropion, waɗanda ba a sha sai da takardar likita. Ka kuma sa ran ƙiba, domin abinci yana dawo da ɗanɗanonsa. Akasari mutane kan ƙara kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko. Ni inci biyu na buɗa a ƙugun wandunana, na koma zuwa shago a ƙafa.

Na cire filasta ta ƙarshe a mako na sha biyu. Cingam ya bi ni har wata na biyar, daga shida a rana zuwa uku, zuwa ɗaya na bayan asuba, wanda shi ne ya fi wuyar saki. Na riƙa musanya shi da cingam na gari kwana ɗaya bayan ɗaya har na daina lura da bambancin. Har yau akwai sallen guda mai miligiram 2 a durowar keke, kusa da tef. Duk shekara kafin ɗinkin Sallah ya taso nakan duba ranar ƙarewar aikinsa, in ya wuce in sayo sabo. Bara sau ɗaya na ɓare, a daren 27 ga azumi, wajen ƙarfe uku, lokacin da wuta ta ɗauke da sauran riguna tara a kan tebur.